Dakarun Dalma da Suka Ƙi Jin Magana

Sojan farko da na taɓa bai wa umarni a rayuwata ko motsi bai yi ba. A Sheffield ne, can arewacin Ingila, wani daren Laraba cikin Oktoban 2013, a zauren taron wata unguwa inda tsofaffin mata ke motsa jiki da rana, da dare kuma ƙartin maza su jera tebura su buɗe fagen fama. Sojan nawa da dalma aka zuba shi, tsawonsa milimita 28, an shafa masa shuɗiyar riga irin ta dakarun Faransa a zamanin Napoliyon. Su 24 ne a bataliyar da aka ara mini, an manna su hurhuɗu a kan 'yan allunan katako.

Wani ma'aikacin ɗakin gwaji a sashen da nake digiri na uku ne ya ja ni wurin. Ya lura tun da sanyi ya kama ba ni da wurin zuwa sai ɗakina, ya ce in na gaji da hira da bango in zo in ga yadda masu furfura ke wasan yara. Na je ne kawai don kada in watsa masa ƙasa a ido. Na tarar da tebur mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 4 an lulluɓe shi da koren bargo, ga tuddai na soso, ga bishiyoyi, ga ƙauyen kwali har da cocinsa, kowa riƙe da tef ɗin awo kamar taron kafintoci.

Dokokin da ake bi a daren na wani littafi ne mai suna Black Powder, wanda Rick Priestley da Jervis Johnson suka fitar a 2009. Ƙa'idarsa sai ka faɗi umarninka da baki kowa ya ji, sannan ka jefa 'yan lido biyu. Kowane kwamanda a kan tebur yana da makinsa, na tsaka-tsaki 8. In jimillar abin da ka jefa bai wuce makin ba, umarni ya isa. In ya wuce, shi ke nan, kuma bakin wannan kwamandan ya mutu sai zagaye na gaba. Na gyara murya na ce bataliyar nan ta haye tudun can ta ja daga. Na jefa, 10. Zagaye ya dawo, 9. Na uku, 11. Ina ji ina gani masu jajayen riguna na Ingila suka taho a hankali kamar 'yan ɗaurin aure suka hau tudun, nawa suna shan inuwa a gindin bishiya.

"Wai me ya hana su?" Ban san na ɗaga murya ba. "Ga tudun nan bai kai kamu ɗaya ba, ba kowa a kansa, ina ganinsa!"

Wani dattijo da ke zaune a gefe da kofin shayi ya ce, "Kai kana ganinsa, masoyi. Su fa?"

Masoyin nan ya fi ɗaure mini kai a daren fiye da amsar. Daga baya na gane mutanen garin haka suke, har ƙaton namiji mai gemu da sunan soyayya suke kiransa, ba da wata manufa ba. Dattijon tsohon malamin tarihi ne a sakandare, ya haura saba'in, tun shekarun 1960 yake wannan harka. Bakina bai iya kama sunansa gatsau kamar yadda samarin wurin ke yi ba, sai na riƙa ce masa Baba. Ya tambayi ma'anar, na faɗa masa, ya ce ya karɓa.

Na daɗe ban gaya wa mahaifiyata inda nake zuwa ran Laraba ba, saboda a gidanmu ɗan lido ƙanin caca ne. Ranar da na faɗa mata a waya, tambaya ɗaya ta yi: "Da kuɗi a ciki?" Na ce babu. Ta ce, "To. An tura ka neman ilimi ka ɓige da wasan 'yar tsana." Ba ta sake tayar da zancen ba, sai dai in mun yi sallama ta ce in gaida 'yan tsana.

Ƙungiyar tamu gida biyu ce, kuma rigimarsu ta girme ni. Gida na farko jagoransa wani direban bas ne, jibgege, mai saurin fushi da saurin hucewa. Hujjarsa ba ta da sarƙaƙiya. Duk mako fitilar hanya ke ba shi umarni, fasinja na ba shi, ofis na ba shi. Daren Laraba kaɗai yake son ya ce wa wani abu tafi, ya tafi. Ya shafe wata uku yana fentin 'yan sulken Faransa, har igiyar linzami sai da ya bi da buroshi mai gashi uku, sannan a ce su kwana a bayan daji don ɗan lido ya ga dama? Ban taɓa raina wannan hujjar ba. Duk wanda ya taɓa ƙure ido a kan abin da bai kai ɗan yatsa ba har wuyansa ya sage, ya san ciwon.

Gida na biyu na Baba ne. Shi abin da ya tsana shi ne wanda 'yan wasan ke kira janar mai tsawon ƙafa dubu, wato mu da ke tsaye a kan tebur kamar shirwa a sama, muna ganin bayan kowane tudu, muna sanin ƙarfin kowace bataliya tamu da ta abokan gaba, tunaninmu na isa ga soja na ƙarshe a daidai lokacin da muka yi shi. Ya ce ba a taɓa haihuwar janar irin wannan ba. Na gaskiya yana kan doki cikin hayaƙin albarushi, labarin da ke iso masa ya kwana, umarnin da ya aika kuma yana cikin jakar wani saurayi da ƙila dokinsa ya yi tuntuɓe. Yakan kawo Clausewitz, hafsan Furushiya wanda aka buga littafinsa na yaƙi a 1832 bayan rasuwarsa, wanda ya ari kalmar makanikai, gugar ƙarfe da ƙarfe da ke rage wa inji gudu, ya sa wa wannan cikas ɗin. Misalin da Baba ya fi so shi ne Balaclava, 25 ga Oktoba 1854. Lord Raglan yana kan tsauni yana hango igwogin da Rashawa ke shirin janyewa, ya aika a hana su. Lucan da ke kwari, wanda aka aika wa umarnin, ba ya ganin waɗannan igwogin, wasu yake gani a ƙarshen kwarin, bakinsu a buɗe. Mahaya sama da 600 suka afka wa inda ba a aike su ba. "Raglan ɗan wasan tebur ne," in ji Baba. "Ya zaci kowa na tsaye inda yake tsaye."

A wurinsa na ji asalin abin. H. G. Wells, marubucin nan, ya fitar da Little Wars a 1913, inda manya ke rarrafe a ƙasa suna harbin sojan dalma da 'yar igwa mai sifirin. Donald Featherstone na Southampton, wanda ya yi Yaƙin Duniya na Biyu a rundunar tankoki, ya buga War Games a 1962, kuma kwafin Baba na nan duk ya sha selotef. A tsofaffin wasannin, kai ka motsa naka duka, ni in motsa nawa duka, kamar dara. Daga baya masu tsara dokoki suka shiga neman hanyar ɗaure wa ɗan wasa hannu. The Sword and the Flame na Larry Brom, 1979, da karta yake yi: jar kati ta fito Ingila ta motsa, baƙa ta fito abokan gabanta. DBA na su Phil Barker, 1990, runduna gungu 12 ce, ka jefa ɗan lido ɗaya, abin da ya ba ka shi ne yawan umarninka a zagayen, in 1 ne sai ka zaɓi wanda ya fi ƙona ka. Crossfire na Arty Conliffe, 1996, ya jefar da tef ɗin awo da zagaye gaba ɗaya, kana ta motsi har sai an harbe maka wani ko dabararka ta ci tura, sai dama ta koma hannun abokin karawarka. Bolt Action jaka ake zura wa hannu a zaro launin wanda zai motsa. Chain of Command na 2013 kuma, wanda ya shigo mana da zafinsa a shekarar da na fara, 'yan lido biyar ne ke faɗa maka ko kofur ne zai yi magana yanzu ko laftana.

Duk mun gwada su, kuma a hankali na koma gidan Baba, har na fara jin daɗin ranar da Black Powder ya ba ni 12, wanda a dokarsa shi ne umarnin da aka ji a baibai, bataliyata ta juya ta nufi bakin tebur kamar an kira ta cin tuwo. Amma akwai abin da ya tsaya mini a wuya. Duk waɗannan dabaru ragewa kawai suke yi. Ɗan lido na iya mai da kyaftin kurma ko malalaci, ba ya iya ba shi basira. Shi kuwa tarihin da Baba ke karanta mana cike yake da ƙananan hafsoshi da suka ga abin da na sama bai gani ba suka yi gaban kansu, wani ya ceci runduna, wani ya hallaka ta. Gaskiya ne Black Powder ya yarda bataliyar da ke cikin inci 12 da abokan gaba ta motsa ba tare da umarni ba, wai hafsanta ya yi amfani da hankalinsa. To amma hannun wa ke ɗaga ta? Nawa. Hankalin hafsan nawa ne na sa wa ƙaramar hula. Na faɗa wa Baba haka wani dare muna naɗe bargo. Ya ce, "Ai magani ɗaya ne. A cire ɗan lido a sa mutum." Sai ya tambaye ni, kamar zancen ya wuce, me na sani game da ranar 16 ga Yuni 1815. Na ce ni dai 18 na sani, Waterloo. Ya ce madalla, kada in karanta komai.

A Yunin 2015 aka cika shekara 200 da Waterloo, kuma ranar 18 ɗin ta faɗo daidai da ɗaya ga Ramadan. Ƙungiya ta kama zauren yini guda, Asabar 20 ga wata, azumi na uku. Wanda bai yi azumin bazara a arewacin Ingila ba ba zai gane ba: sahur kafin ƙarfe uku na dare, rana kuma ba ta faɗuwa sai tara da rabi ta gota. Wata huɗu na yi ina fentin bataliya biyu don wannan rana, da hannuna, na farko da na mallaka.

Baba ya tsara abin a kan hanyar Reisswitz, hafsan Furushiya da ya gabatar da wasan yaƙi ga manyan sojan ƙasarsa a 1824, har aka mai da shi darasi a bariki: alƙali a tsakiya, shi kaɗai ya san gaskiyar fili, kwamandoji ba sa magana da juna sai ta takarda. Tebur biyu aka kafa, ɗaya a kowace kusurwar zaure, da labule a tsakani. 'Ya'yan wasu daga cikinmu su ne 'yan aike. Kowace takarda sai ta biya ta hannun Baba, ya riƙe ta gwargwadon nisan da doki zai yi, wata ma ya sa ta a aljihu ta kwana can. Direban bas shi ne Mashal na ɓangaren hagu. Wani akanta mai sanyin magana shi ne Sarkin Sarakuna a tebur na dama.

Ni kuwa aka kai ni kicin.

Taswira aka ba ni wadda aka sauya wa garuruwanta suna, da fensir, da takarda mai layi uku: kana jagorantar runduna ta mutum 20,000, kashi huɗu; kana ƙarƙashin Mashal; bi babbar hanya arewa ka same shi. Akwatin sojojina na kan firji. Butar shayi na gefena tana tafasa ba hutu, kowa ya shigo ɗiban biskit sai ya ba ni haƙuri sau uku ya ɓoye shi a bayansa kamar ɓarawo. Ta tagar miƙa abinci ina jin ƙarar 'yan lido daga kusurwa biyu, ita ce igwata. Daga hagu ina jin muryar direba tana hawa, alamar abin ba daɗi.

Wajen awa biyu ba abin da na yi sai ja wa Baba layi a taswira. Sai wani yaro ya shigo da guntuwar takarda an yi mata rubutun fensir a gurguje, ba sa hannun da na gane. Wai daga Sarkin Sarakuna: ka juya gabas, ka faɗa wa abokan gaba ta gefe, yanzu. Kafin in buɗe baki Baba ya leƙo ya ce hafsan da ya kawo ta bai jira ni ba, ya riga ya juya kashin gaba na rundunata da sunan Sarki, sauran na bin su. Na ce to, tunda an yi mini mai wuyar, mu je gabas. Na rubuta wa Mashal in sanar da shi.

Bayan kamar awa ɗaya Baba ya kira ni bakin ƙofa, ya ce in durƙusa har idona ya yi daidai da bakin tebur, ya ɗaga labule ya ƙirga talatin. Wannan shi ne karo na farko da na ga fagen fama daga inda sojan dalma ke ganinsa. Audugar da ake sawa a matsayin hayaƙi ta tare rabin komai. Na ga rufin coci, na ga tarin masu duhun riguna, kuma Faransawa da Furushiyawa duk shuɗi suke sawa. Waye ke ci, waye ake ci, ina gefen da aka ce in faɗa wa, wallahi ban iya cewa ba. Na koma kicin ina jiran ɗan aike daga Sarki ya ce ga inda zan shiga. Shiru. Ashe ɓullowata ta inda ba su zata ba ta firgita 'yan ɓangarenmu, sun ɗauka abokan gaba ne suka zagayo, har akanta ya dakatar da babban harinsa ya tura a dubo ko su waye. Wannan duk sai da yamma na ji.

Takardar da ta zo, daga hagu ta zo. Rubutun direba ne, na san shi, manyan baƙaƙe, fensirin har ya huda takardar. Ka dawo nan take. Ni ne shugabanka. An ja layi uku a ƙarƙashin "nan take", an ƙara da cewa in na saɓa, kotun soja.

Na fi minti goma ina kallon takardun nan biyu a kan teburin yanka albasa. Na so in ce lissafin yaƙi na yi, amma ba shi na yi ba. An tashe ni a kan bin na gaba bin Allah, sai ga na gaba biyu, kowa na ja. Sarki ya fi Mashal, ba musu. Amma takardar Sarki ba sa hannu, ba ta faɗi wuri ba, kuma tun da na iso bai waiwaye ni ba. Ta Mashal kuwa ga suna ga barazana. In na koma abu ya lalace, ina da takarda a hannu. In na tsaya abu ya lalace, ni kaɗai ne a rana. Akwai kuma abin da ban so in tuna ba amma yana nan: mutumin nan shi ke sauke ni a ƙofar gida duk Laraba in bas na ƙarshe ya wuce, kuma ina jin muryarsa ta tagar nan, ransa a ɓace yake da gaske, ba na wasa ba.

Sai na yi dabarar mai tsoron laifi. Na bar kashi ɗaya a gabas, na rubuta wa kwamandansa ya yi taka-tsantsan, na juya da ukun zuwa yamma. Baba ya karanta, ya cire tabarau, ya dube ni. "Ka tabbata?" Na ce na tabbata. Ya fita, na ji shi a soro yana dariya har da tari.

Lokacin da alƙali ya ce na iso wurin Mashal, a agogon wasa dare ya yi, faɗa ya mutu. Bataliyoyina biyu ba su fito daga akwati ba. Ba tsuntsu ba tarko.

Aka yaye labule, aka tara mu, Baba ya mai da wa garuruwa sunayensu. Teburin hagu Quatre Bras ne, inda Mashal Ney ya kara da Wellington. Na dama Ligny, inda Napoliyon ya kara da Blücher, tsakaninsu bai kai mil goma ba. Ni kuma Janar d'Erlon ne, wanda ya yini ranar 16 ga Yuni 1815 yana safa da marwa da runduna guda tsakanin fage biyu bai yi faɗa a ko ɗaya ba. Takardar fensir ta juya shi, kiran Ney ya dawo da shi, har kashi ɗayan da na bari shi ma ya bari, na Janar Durutte. Napoliyon ya ci Ligny amma bai murƙushe Furushiyawa ba, suka ja da baya zuwa Wavre, bayan kwana biyu suka ɓullo masa a Waterloo. Baba ya ce shekara da shekaru yana son ya gwada wannan, amma duk ɗan ƙungiyar da ka ba d'Erlon ya san labarin, zai ture takardar Ney ya tafi ya ci yaƙi. Sai da Allah ya kawo masa wanda bai sani ba.

An gama wajen bakwai, amma mutum shida suka ƙi tafiya, wai ba za su bar ni in sha ruwa ni kaɗai ba. Muka zauna a matakalar zaure muna jiran rana. Direba ya je ya sayo soyayyen kifi da dankali ya ajiye a cinyarsa bai taɓa ba, yana ta duba agogo yana tambayata saura minti nawa. Can ya ce, "Kai kuma me ya sa ka bi maganata? Ni fa ba abin da nake gani. Haushi kawai nake ji." Akanta ya ce shi bai ma san takardarsa ta same ni ba, ya ɗauka tana aljihun Baba. Na ciro dabino uku daga aljihu na raba mana. A yinin nan kaf ba a jefa ɗan lido ko ɗaya a kicin ba.

Na so in rama, kuma dama ta zo ta wata hanya. Wani lokaci a 2016 aka kawo wasan yaƙe-yaƙen mulkin mallaka da wasu dokoki da 'yan ƙungiya suka rubuta da kansu tun da daɗewa. A ciki, sojan Bature kusan kullum yana jin umarni, mayaƙan ƙasa kuwa da zarar sun hango abokan gaba dole su ruga, mai su ba shi da ikon tsayar da su. Na ce musu wannan ba dokar yaƙi ba ce, tatsuniyar wanda ya ci yaƙi ce. Dakarun da Lugga ya ci ƙasarmu da su a 1903 akasarinsu Hausawa ne da Yarbawa, hafsoshin ne Turawa. Mutanen da ke cikin sahu da waɗanda ke sukuwa a kansu, wasu harshensu ɗaya. Abin da ya raba su horon fareti ne da saje da irin bindiga. Aka ce to in shirya nawa mu gani.

Na ɗauki kusan shekara. Na sayi mayaƙan Sudan na Perry Miniatures, 'yan Nottingham, na bi su da ƙullin gyaran mutum-mutumi ina naɗa musu rawani, ina yi wa dawakai lifidi. A farkon 2017, 'yan watanni kafin in dawo gida, na kafa musu Kwatarkwashi, gindin dutsen nan kusa da Gusau, ƙarshen Fabrairun 1903. Yanzu ni ne wanda ya san labari su ba su sani ba. Kano ta faɗi hannun Kanar Morland ranar 3 ga Fabrairu, Sarki Alu yana Sakkwato da manyan mahayansa, labari ya same su a hanyar dawowa. Na ba Baba sarauta, direba Waziri, akanta Wambai. Wani ɗalibi na ba shi 'yan sintirin Laftana Wright, hafsa biyu da soja 44 a ƙidayar Turawa. Na rubuta wa Waziri da Wambai kowa takardarsa a asirce: birni ya faɗi, matanka da 'ya'yanka da gidanka suna ciki, an aiko cewa wanda ya dawo lafiya ba za a taɓa shi ba. Baba kuma na raɗa masa ya yi musu jawabin dare, sannan ya sulale ya je ya zauna a mota kada ya dawo sai na kira. Gari ya waye ba Sarki.

Na koma gefe ina jiran su rabu. Direba ya buga tebur ya ce a hau. Akanta ya karanta takardarsa sau biyu, ya ninke ta, ya ɗaga kafaɗa. "Matan nan na takarda ne," ya ce. "Ni jifa na zo yi." Suka haɗa dawakai suka afka tare. Sau uku ana zubar da su, a na huɗu ɗalibin ya jefa abin kunya, kusurwar sahu ta buɗe, 'yan lifidina suka shige. Zauren ya kaure da ihu, direba ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa.

Da suka nutsu suka ce to yaya aka yi a gaske. Na ce musu rundunar rabuwa ta yi. Waziri Ahmadu ya hau, ya faɗi a fagen, shi ya sa har yau Mai Shahada ake ce masa. Wambai Abbas ya juya da jama'a mai yawa zuwa Kano, Lugga ya naɗa shi Sarki. Alu kuwa an kama shi, ya ƙare kwanakinsa a Lakwaja a 1926. Na ce kakata ba ta yarda a aibata ko ɗaya daga cikinsu a gabanta, ta kan ce ɗaya ya tsare mutunci, ɗaya ya tsare rayuka, kuma wanda bai kwana a sansanin nan ba ya ja bakinsa. Suka yi shiru. Akanta ya sake buɗe takardarsa ya karanta, wannan karon a hankali. Fushin direba da ya juya ni a kicin na gaske ne, shi ya sa ya yi aiki a kaina. Ban sami abin gaske da zan sa a takardar Wambai ba, kuma ban ga inda ake sayar da shi ba.

Muna cikin kwashe dawakai ina naɗe su a tsumma ɗaya bayan ɗaya, sai aka turo ƙofa. Baba ne, hancinsa ja wur don sanyi, gashinsa a hargitse. Na manta da shi sarai. Awa biyu da rabi yana mota, rediyo ya yi masa rakiya har barci ya ɗauke shi. Ya dubi teburin da aka kusa sharewa, ya dube mu.

"To," ya ce, yana murza hannu, "wa ya gaje ni?"